Maman Lawali Rigingine da Fankar Surukinsa

Duk wanda ya buɗe shago a Sabon Garin Maraɗi cikin shekarun nan, in bai shaida fuskar Maman Lawali ba, to ya shaida tafin ƙafarsa. Dalili kuwa, mutumin nan a kwance yake fara aiki. Ka kira shi ya sa maka fitilu a rufin shago, zai iso bisa tsohon babur ɗinsa da tsani ɗaure a gefe, ya yi sallama, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya ce a kunna duk abin da ke kunnuwa. Kafin ka ankara ya cire hula, ya miƙe a tsakiyar shagonka, ya harɗe hannu bisa ƙirji, ya kafa ma rufi ido. Mai wucewa ba ya hango komai sai tafin ƙafa biyu a bakin ƙofa. Nan ya samo sunan Rigingine, kuma sunan ya bi shi har cikin masallaci.

Mutumin Jiratawa ne, ɗan masu noman rani. Bai yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, don hankalinsa na wajen wani dattijo mai gyaran injin ban-ruwa, kuma a hannunsa ya koyi waya da wuta. Yana da shekara ashirin ya shigo Maraɗi, ya yi ta jan waya a gidaje kamar kowa. Kwanciyar nan kuma ba wanda ya koya masa ita, faɗuwa ce ta koya masa. Wata rana a shagon wani mai sabulu tsani ya zame da shi, ya faɗo da baya, tim. Yana nan kwance yana jiran numfashinsa ya dawo, sai ya ga rufin shagon gaba ɗaya a kallo guda, abin da bai taɓa gani ba daga kan tsani. Ya ga fitila biyu sun cunkushe a gefe, ya ga lungun da ya bari cikin duhu, ya ga inda inuwar kanta ke cinye rabin hasken. Mutane na ta yi masa sannu, shi kuwa cewa yake a miƙo masa kayan aiki.

Tun daga ranar yake da dokokinsa, kuma ba ya sassauta ma kowa. Ba ya sa fitila a bayan mai shago, don kada inuwar mutum ta faɗa bisa sikelinsa. Mai burodi da mai kilishi yana ba su ƙwan fitila mai ɗan ja-ja, wanda ke sa abinci ya yi kyan gani. Mai magani da mai atamfa fari tas yake sa masu. Ba ya yarda a rataya fitila bisa kwanon gari ko na sukari a buɗe, ko da mai shagon zai yi kuka, saboda damina na zuwa da ƙwarinta. Maimakon haka sai ya kafa wata ƴar ƙarama a waje, nesa da ƙofa, ya ce wannan ta baƙi ce, su yi taronsu can. Alhazan birni masu manyan kantuna sun sha yi masa tsiya, su ce wannan wane irin ma'aikaci ne da ake biya ya zo ya huta. Shi dai murmushi yake, ya ce a yi haƙuri da shi na minti biyar.

Shago ɗaya tak ne a duniya Maman Lawali ya sa ma fitila bai kwanta ba. Shi ne shagon surukinsa.

Malam Jibo, uban matarsa Tahira, yana da ɗan shago a bakin kasuwar Tsibiri, shekara talatin da huɗu ke nan. Zare yake sayarwa, da allura, da maɓallai, da almakashi, da zaren surfani kala-kala jere cikin kwalaye har rufi. Teloli da mata masu ɗinkin hula duk nan suke zuwa. Yana da wata al'ada da duk garin ya sani: allura ba ta barin shagonsa tsirara. In ka sayi ko guda ɗaya ce, sai ya tsinko zare, ya lasa bakinsa, ya zura shi cikin kafar a karo ɗaya, sannan ya miƙa maka. Tsofaffin mata da idonsu ya raunana kan kawo nasu alluran daga gida, ya zura masu biyar-biyar, su soke a bakin zane su tafi. Ba ya karɓar ko dala a kan wannan, kuma da shi yake taƙama fiye da duk abin da ya mallaka.

To, tsakanin Malam Jibo da Maman Lawali akwai kunya irin ta da, wadda yanzu ba kowa ke iya ɗaukarta ba. Tahira ƴar fari ce, uban ko sunanta ba ya kamawa, balle na mijinta. In zai ambace shi sai ya ce mutumin Maraɗi. Shi kuma Lawali, mutumin da ke miƙewa a gaban alhazai ba ko gezau, da ya hango rawanin surukinsa sai ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Shekara tara da aure, ba su taɓa haɗa ido ba. In an tara duk maganar da suka yi da juna, ban da gaisuwa, ba za ta cika kofin shayi ba.

Bazarar da ta wuce zafi ya yi zafi, irin wanda ke sa mutum ya ji haushin rigarsa. Tahira ta je gida ta dawo ta ce Baba na zaune cikin shagon nan yana fifita da murfin kwali, zufa na ɗiga a kan zare. Washegari Lawali ya sayi fanka sabuwa dal, irin ta rufi mai fiffike uku, da fitila doguwa mai haske, ya ɗaure a babur ya nufi Tsibiri.

Ya tarar an ɗauke wuta, kuma surukin na zaune a bakin ƙofa bisa kujerarsa. Ka ji inda aka samu matsala. Da wani shago ne, da ya zauna ya sha shayi har wuta ta dawo, ya kunna, ya kwanta, ya duba. Amma ya za a yi ya baje a ƙasa, ciki sama, ƙafafu na kallon uban matarsa? Ko tunanin abin sai da ya sa kunnuwansa suka yi zafi. Ya hau tsani kai a sunkuye, ya lalubi ƙarfe ɗaya mai ƙwari da ke tsakiyar rufin, ya manna fitilar a nan, ya rataya fankar daidai ƙarƙashinta. Don kada tsoho ya sha wahalar tashi sau biyu, sai ya haɗa su a makunni ɗaya: ka danna, haske da iska su zo tare. Cikin rabin awa ya gama, ya durƙusa ya yi sallama, ya hau babur ya gudu kamar wanda ya yi sata. Malam Jibo ya aiko da godiya ta bakin Tahira, da kwaryar gero.

Wata huɗu aka yi shiru. Rannan Tahira ta dawo daga Tsibiri, ta ajiye mayafi, ta zauna a bakin gado ba ta ko taɓa abinci ba. Da Lawali ya matsa mata sai hawaye suka zubo. Ta ce Baba zai rufe shago a ƙarshen wata. Har ya yi magana da wani mai cajin waya da zai karɓi wurin. Wai idonsa ya tafi, da ya ɗauki allura sai ya ga kafar na rawa, kansa ya kama juyawa, ya yi ta saƙa zare yana kuskurewa a gaban mutane. Ranar kasuwa wata tsohuwa ta tsaya tana jira har ta gaji, ta karɓe allurarta ta ce bari, Malam, jikata zai zura mani. Tun ranar bai sake cin abincin kirki ba. An kai shi Maraɗi wajen lokotoron ido, likitan ya duba ya ce idon nan ya fi na wasu samari. An auna jini, lafiya lau. An sha rubutu, an yi hayaƙi, har wata gwaggo ta fara raɗa cewa hannu aka sa ma shagon.

Lawali na ta ba ta haƙuri, yana cewa tsufa ne, kowa zai je. Sai ta share ido ta ƙara da wata magana, ba tare da ta ɗauke ta a bakin komai ba, tana kiransa da sunan ƴarsu kamar yadda ta saba.

"Abin da ke ba ni mamaki, Baban Atika, in ya fito bakin ƙofa cikin rana yana zurawa sarai. Ni kaina da na zauna ciki na ɗan jima, sai da kaina ya yi ciwo, kamar ana ƙifta mani ido."

Lomar da ke hannunsa ba ta kai baki ba. Fitila a sama, fanka a ƙasa. Kowane fiffike ya wuce sai ya yanke hasken, ya sake, ya yanke, sau ɗaruruwa a minti. Kuskuren da shi kansa ya sha gyarawa a shagunan mutane, yana yi ma masu aikin dariya. Ga shi kuma ya ɗaure su a makunni ɗaya, tsoho ba shi da ikon kashe fanka sai ya zauna cikin duhu. Kunya ta rufe shi, da tausayi, da haushin kansa, duk a lokaci guda.

Bai gaya ma Tahira ba, don yana son ya gani da idonsa tukuna. Gani kuwa a wurinsa sai a kwance. Sai ya kira Tanimu mai shayi, wanda teburinsa ke jikin shagon, sa'an Malam Jibo ne kuma abokinsa tun suna yara. Tanimu irin tsofaffin nan ne da ba su bar kowa ba, har liman yana shan tsiyarsa. Lawali ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya tambaya ko akwai ranar da Baba zai ɗan yi nisa da shago. Tanimu ya ce ai an yi sa'a, gobe da hantsi Malam zai tafi ɗaurin aure wani ƙauye, ba zai dawo ba sai azahar, kuma a hannunsa zai bar mabuɗi.

Da hantsi Lawali ya iso. Kujerar bakin ƙofa ba kowa, shago a buɗe, Tanimu na ta fifita gawayi yana murmushin da Lawali bai gane kansa ba. Ya shiga, ya danna makunni, ya cire hula, ya waiga dama da hagu, ya miƙe a ƙasa.

Ko minti ɗaya bai yi ba ya ji kansa na juyawa. Duk shagon rawa yake. Kwalayen zare na ƙifce-ƙifce, ja ya koma baƙi ya dawo ja, inuwa na zagaya bango ba tsayawa. Ya ɗaga yatsansa ya duba, yatsan ma rawa yake. Wata huɗu bawan Allah nan yana zaune cikin wannan, daga safe har magariba, yana neman kafar allura. Lawali ya ji ƙwalla ta taru masa, ya bar ta ta gangara cikin kunne, don bai ga amfanin sharewa ba.

Sai haske ya ragu daga wajen ƙofa. Ya ɗan ɗaga kai, ya hango takalmi biyu na fata da ya sani sarai, da bakin farar riga, da ƙullin goro a hannu. Babu wani ɗaurin aure. Goro kawai Malam Jibo ya je saye a bayan kasuwa, kuma Tanimu ne ya aike shi.

Abin da Lawali ya ji a lokacin, Allah kaɗai ya sani. Ga shi baje, ciki sama, kai ba hula, tafin ƙafafunsa biyu na kallon uban matarsa. Ya yunƙura zai tashi, kunya ta maida shi ƙasa. Daga waje Tanimu ya daina fifita, teloli biyu da ke shan shayi suka miƙe da kofunansu, wata mai fura ta sauke ƙwaryarta don ta ga yadda za a ƙare. Kowa ya san Malam Jibo zai juya baya ne ya yi kamar bai gani ba, ya tafi ya zauna a masallaci har baƙon ya gudu.

Bai juya ba. Ya tsaya jim, ya miƙa ma Tanimu goron, ya tuɓe takalmi, ya shigo. Ya dafa kanta, ya sauka a hankali, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ƙasusuwa na ƙara. Ya cire rawaninsa ya yi matashi da shi, ya kwanta rigingine a gefen surukinsa, kafaɗa kusa da kafaɗa. Su biyu suka zuba ma fankar ido. A haka dai ba mai kallon wani, kuma wataƙila shi ya sa magana ta samu hanya.

"To, mi kake gani?" in ji tsohon.

"Baba, laifina nake gani. Idonku lafiya lau yake. Ni na sa fitila a bisa fanka, ita ke yanka maku haske."

Malam Jibo ya yi ajiyar zuciya. Ya ce shi bai san ilimin abin ba, amma ya san ranar da ciwon ya fara, ita ce ranar da aka maido wuta ya danna makunnin nan. Ya gwada kashewa, shago ya yi duhu, ga maƙwabta na leƙowa suna tambaya ko kayan mutumin Maraɗi sun lalace ne tun yanzu. Sai ya kunna, ya bar shi a kunne. Lawali ya tambaya me ya hana a aiko masa ko ta bakin Tahira.

"Kyautar hwarko da ka kawo mani da hannunka," in ji Malam Jibo, "in aika in ce ba ta yi ba? Gara in ce idona ne."

Shago na shekara talatin da huɗu mutumin nan ya yarda ya rufe, don kada a ce mijin ƴarsa bai iya aiki ba. Tanimu ne ya cece su daga kunya. Ya leƙo kai ya ce in sun gama hutawa su tashi, mutane sun fara tambayarsa ko gawa biyu aka shimfiɗe a yi salla. Lawali ya ce ai shi ne ya gaya masa wai Baba ya tafi ɗaurin aure. Malam Jibo ya fashe da dariya har cikinsa na girgiza, kuma tun yana kwance ya ce ma Tanimu tsohon banza, maƙaryaci, ina ɗaurin auren yake.

Aikin bai kai awa biyu ba. Lawali ya cire doguwar fitilar daga tsakiya. Ya kafa fara guda bisa kanta, gaba kaɗan da inda tsohon ke zama, nesa da fiffiken fanka, yadda haske zai sauka a kan hannu ba a bayan kai ba. Ya sa wata a jikin kwalayen zare don kala ta fito da gaskiyarta. Ya raba makunni biyu. Da ya gama, ya tsaya yana murza hula yana kallon ƙasa, don saura abu ɗaya, kuma kowa ya san ko mene ne. Malam Jibo ya juya fuska wajen ƙofa ya ce ma Tanimu ya gaya ma mutumin Maraɗi ya ƙarasa aikinsa yadda ya saba. Lawali ya kwanta, ya duba, ya tashi, ya matsar da fitila ɗaya da kamar faɗin tafin hannu.

Mai furar nan ce ta zaro allura daga bakin zanenta ta miƙo. Malam Jibo ya karɓa, ya tsinko baƙin zare, ya lasa, ya ɗaga hannu cikin sabon hasken, fanka na kaɗa masa gemu. Zare ya shige a karo ɗaya. Sai ya miƙa hannu a ba shi wata. Ya zura bakwai a jere kafin ya yarda ya ɗaga kai, kuma idon da aka ce ya tafi ya cika da ruwa.

Mai cajin waya ya nemi wani wuri. Tahira da ta ji labarin ta yi kuka, ta yi dariya, sannan ta yi kwana uku tana kiran mijinta lokotoron ido. Shi kuwa ya ƙara doka ɗaya a cikin dokokinsa: ba ya barin shago sai wuta ta zo ya kwanta, ko da shagon na wane ne.

Kunya ba ta tafi ba, kada ku ɗauka. Har gobe Lawali na tuɓe takalmi daga nesa, har gobe shi ne mutumin Maraɗi. Amma da ya koma Tsibiri bayan sati biyu, ya tarar da sabuwar tabarma naɗe a lungun shagon, an ɗaure ta da jan zare. Wani tela ya kai hannu zai shimfiɗa ya zauna, Malam Jibo ya hana shi, ya ce wannan tana da mai ita. Sannan, ba tare da ya kira Tanimu ba, ya juyo ya dubi surukinsa ido cikin ido.

"Ƙasan nan da sanyi, ɗana," ya ce. "In ka zo duba rufi, ka riƙa shimfiɗawa."